Idan mai ɗaukar aiki ya kira ku ta tarho

A da, wanda ya ajiye takardar neman aiki sai ya jira a kira shi biro. Ya sa tufafinshi masu tsabta, ya tafi, su yi magana ido da ido da mai ɗaukar aiki. Yanzu abin ya sake. Kamfanoni da porje-porje da ƙungiyoyi masu zaman kansu sukan fara tantance mutane ta tarho.

Dalili a fili yake. Manyan biro da yawa suna Yamai, masu neman aiki kuwa suna ko'ina cikin ƙasa. Daga Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500. Zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. Zuwa Damagaram ya kusa 900. Ba kowa ke da kuɗin mota ba, kuma mai ɗaukar aiki ba ya iya zagaya gari-gari. Sai ya ɗauki tarho. Cikin ƴan mintoci ya san wanda za ya ci gaba da shi, da wanda za ya bari.

Ke nan wannan kira jarrabawa ce. Mutum yana iya sanin aikinshi sarai, amma ya rasa shi don tarho ya mutu, ko don ya ruɗe wajen magana. Wannan darasi za ya nuna muna yadda ake shiri.

1. Mi ya bambanta tarho da zama ido da ido?

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To, a tarho ba a ganin fuska. Ba a ganin rigarku, ba a ganin murmushinku, ba a ganin kun durƙusa ko kun sunkuyar da kai don ladabi. Murya kaɗai ke zuwa. Ita ce fuskarku, ita ce rigarku.

A gida, yin shiru gaban babba ladabi ne. A tarho kuwa, in kun yi shiru da yawa, mai kira za ya zaci rezo ya yanke, ko ba ku san amsa ba. In kun kaɗa kai, ba ya gani. Dole ku buɗe baki ku ce: "To, na ji", ko "I, haka ne".

Amma tarho yana da nashi amfani. Kuna iya buɗe kaye gabanku, ku duba abin da kuka rubuta, ba wanda ya gani. Nan ne karatun da kuka koya za ya yi muku rana.

2. Shiri yana farawa tun ranar ajiye dosiye

Lambar tarho ta Nijar tana da alƙaluma 8. Ku rubuta taku da kyau, biyu-biyu, ku sake karantawa. Alƙalami ɗaya in ya kuskure, wani za a kira, ku kuna gida kuna jira.

In kuna da pis biyu, wato sim biyu, ku tuna wanda kuka ba da lambarshi. Shi za ya zauna cikin tarho har a gama.

In tarhon ba naku ba ne, na maigida ne, ko na wa, ko na maƙwabci, ku gaya mishi tun da wuri. Ku ce: "Akwai waɗanda za su kira don aiki. In sun kira ba ni kusa, ka karɓa da ladabi, ka tambayi sunansu da lokacin da za su sake kira."

Daga ranar nan, duk lambar da ba ku sani ba, ku ɗauka da sallama da natsuwa. Kada ku fara da "Wa ke nan?" cikin faɗa. Wataƙila shi ne kiran da kuke jira.

Ku rubuta cikin kaye sunan wurin da kuka nemi aiki, da irin aikin, da ranar da kuka ajiye dosiye. Wanda ya nemi aiki wuri 3 ko 4 yana iya mancewa. Abin kunya ne a kira mutum, ya ce: "Wane aiki ne ma?"

3. Sanin rana da lokaci

Sau da yawa ana aiko saƙo tukuna, a faɗi rana da lokacin da za a kira. Saƙon yakan zo da Faransanci. Ga ranakun aiki:

lundi, Litinin
mardi, Talata
mercredi, Laraba
jeudi, Alhamis
vendredi, Juma'a

Lokacin biro ana ƙidaya shi har 24. Daga 1 zuwa 12 ba wuya: 9h ƙarfe 9 ne na safe. In lambar ta wuce 12, sai ku ɗebe 12. Misali: 15h, 15 a ɗebe 12 saura 3, wato ƙarfe 3 na yamma. 16h30 ƙarfe 4 da rabi ne.

In daga wata ƙasa za a kira, ku lura da agogo. Nijar da Nijeriya da Benin da Cadi agogonsu ɗaya ne. Amma Burkina Faso, Mali, Gana, Togo da Kodebuwa suna bayanmu da awa 1. In an ce ƙarfe 10 na Abijan, nan ƙarfe 11 ke nan. Ku tambaya: "Agogonku ko namu?"

Da kun karanta saƙo, ku maida amsa cewa kun gani, kun yarda. In lokacin bai yi muku ba, ku faɗa tun ranar, ku roƙi wani. Wannan ya fi a kira ba ku ɗauka ba.

4. Shirya tarho da wurin zama

Sharji. Ku cika batiri tun daren jajibiri. In garinku ba wuta, ku kai wurin mai sharji ko mai pano da wuri. Kada ku bar yara su yi kallo ko wasa da tarho ranar.

Kredi. Ku sa ko kaɗan ne. In layi ya yanke, kuna iya kira da kanku. Bip ba ya da kyau ga mai neman aiki.

Rezo. Kowa ya san inda rezo ya fi ƙarfi a garinsu: wani bisa tudu, wani bakin hanya, wani ƙofar lakol. Kwana 1 kafin ranar, ku je wurin, ku kira wani ɗan'uwa, ku tambaye shi ko yana jin ku sarai.

Shiru. Ku nisanci kasuwa, tasha, injin niƙa da wurin daka. Ku kashe rediyo. Mai goyo ta ba wata ta riƙe mata jariri na ɗan lokaci. In akwai iska, ku juya mata baya, don iska tana cika tarho da ƙara.

Ku zauna wurin minti 15 kafin lokaci. Ku aje kusa da ku: kaye, bik 2, ruwan sha, da takardunku. Takardun su ne katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar shaidar yaƙi da jahilci ko ta lakol, permi in ku direba ne, da takardar shaidar aikin da kuka yi a baya. Ana iya tambayar wata lamba ko wata shekara da ke ciki.

5. Shirya abin da za ku faɗa

Tambayoyin masu ɗaukar aiki kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ga waɗanda suka fi zuwa:

Gaya muna ko kai wane ne.
Wane aiki ka taɓa yi, ina, shekara nawa?
Don mi ka bar wancan aiki?
Don mi kake son wannan?
Ka iya karatu da rubutu da lissafi? Da wane harshe?
Kana iya zama wani gari?
Yaushe kake iya farawa?
Nawa kake so a biya ka?

Ku rubuta amsar kowace cikin layi 2 ko 3, da manyan baƙaƙe. Ba don ku karanta kamar ɗan lakol ba, don dai ku tuna in kun ruɗe.

Tambaya ta farko ita ta fi ruɗa mutane. Ba tarihin kakanni ake so ba. Abu 4 sun isa: sunanku, inda kuke zaune, aikin da kuka iya, da abin da ya sa kuka dace da wannan aiki.

Amsa mai kyau tana da misali da lamba. "Na iya aiki ƙwarai" kowa yana faɗin haka. Amma "Na yi shekara 3 ina riƙe da littafin asusun mata 40, ba a taɓa rasa ko dala ba" magana ce mai nauyi. Kada ku rena abin da kuka yi. Riƙe kuɗin adashi aiki ne. Awon hatsi a bankin cimaka aiki ne. Tsaron shago aiki ne.

Ku faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ce ya iya Faransanci alhali bai iya ba, nan take za a juya magana zuwa Faransanci, ya tsaya. In kun fi sakewa da Hausa, ku roƙa da ladabi a yi da ita. Ba abin kunya ba ne. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma in aikin kanshi yana bukatar Faransanci, ku faɗi iyakar abin da kuka iya: "Ina ji, ina karanta lambobi da sunayen kaya, amma magana mai tsawo ba ta zauna mini ba tukuna."

Kada ku zagi tsohon maigidanku, ko da ya cuce ku. Mai sauraro za ya ce a ranshi: gobe ni za a zaga. Ku ce: "Kontara ta ƙare", ko "Ina neman inda zan ƙaru", in haka ne gaskiya.

In kun gama rubutu, ku gwada da baki. Ku sa wani ɗan aji ya kira ku, ko ya zauna bayanku inda ba ku ganin shi, ya yi ta tambaya. Sau 2 ko 3 ya isa harshe ya saki.

6. Lokacin kira

Ku yi gaisuwa, amma gajera. Sallama, ina kwana, ina aiki, shi ke nan. Mai kira yana da mutane da yawa da za ya kira bayanku.

Ku rubuta sunanshi da ya faɗa. Ku kira shi Malam, ko Mushe, ko Hajiya, ko Madam.

Ku zauna daidai ko ku tsaya. Muryar wanda ke kwance ana gane ta. Kada ku ci goro ko cingam.

Ku yi magana sannu, da murya a buɗe, ba ihu ba. Ku bari ya ƙare tambaya kafin ku amsa.

In ba ku ji ba, ko ba ku gane ba, ku ce: "Gafara, a sake mini tambayar." Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, shi ya ɓata.

In layi ya yanke, ku dakata minti 2. In ba a sake kira ba, ku kira, ku ce: "Gafara, rezo ne ya yanke."

In an kira ba shiri, kuna bisa babur ko tsakiyar kasuwa, ku faɗa: "Ina wuri mai hayaniya. Ku ba ni minti 10 in sami wurin shiru." Mai hankali ba ya ƙin wannan.

7. Misali

Wata mata ta nemi aikin magazinye, wato mai tsaron ma'ajin kaya, a wani porje. Ga yadda hirar ta kasance.

Mai kira: Salamu alaikum. Da Malama Wance nake magana?

Ita: Amin, alaikumus salam. Ni ce, ranka ya daɗe. Ina kwana, ina aiki?

Mai kira: Lafiya lau. Kin ajiye dosiye wurinmu. Gaya mini ko ke wace ce.

Ita: Sunana Wance, ina zaune Tasawa. Na yi shekara 4 ina cikin kwamitin bankin cimaka na unguwarmu. Ni ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Na iya karatu da rubutu da Hausa, na iya lissafi.

Mai kira: To, bari mu gani. An kawo buhu 120, an fidda 45. Nawa ya rage?

Ita: Ka ba ni kaɗan in rubuta. Saura buhu 75.

Mai kira: Buhun kilo 50 guda nawa ke cika tan 1?

Ita: Tan 1 kilo 1.000 ne. Buhu 20 ke nan.

Mai kira: In shugabanki ya ce ki fidda buhu 2 ba takarda fa?

Ita: Sai in ba shi haƙuri, in ce ya sa hannu tukuna. Kayan amana ne. Ranar ƙidaya ni za a tambaya.

Mai kira: Kin iya kwamfuta?

Ita: A'a, Malam, ban iya ba. Amma ina rubuta saƙo da lissafi a tarho. In an koya mini, zan koya.

Ku lura da abu 3. Ta nemi lokaci ta rubuta lissafi, ba ta yi gaggawa ba. Ta ba da shekaru da misali. Abin da ba ta iya ba, ta faɗa, ba ta ɓoye ba.

8. Ku ma kuna da tambaya

Wajen ƙarshe akan ce: "Kana da tambaya?" Kada ku ce babu. Wanda ya karɓi aiki bai san sharaɗinshi ba, rigima yake saye. Ga abin da ya kamata ku sani:

Ina ne wurin aikin? Akwai wurin kwana?
Awa nawa a rana, kwana nawa a sati?
Kontara ta wata nawa ce? Rubutacciya ce?
Akwai lokacin gwaji? Wata nawa?
Za a rubuta ni a CNSS?
Yaushe zan ji amsa?

Dokar aiki ta Nijar ta 25 ga Satumba 2012 ta sa awa 40 a sati ga yawancin ayyukan albashi. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya rubuta ma'aikacinshi a CNSS, asusun da ke biyan kuɗin iyali, da na haɗarin aiki, da fansho. Akwai kuma albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi, ana ce mishi SMIG. A 2012 an sa shi sefa 30.047 a wata. Gwamnati takan sake duba shi, don haka kafin ranar kira ku tambayi adadin yau a biron sufeton aiki ko a hukumar ANPE ta jiharku.

Maganar kuɗi tana son hankali, don ƙidaya iri 2 gare mu. A kasuwa muna ƙidaya da dala: dala 1 sefa 5 ce, "ɗari" kuwa sefa 500. A biro ana ƙidaya da sefa. Jika 1 sefa 1.000 ce. In an faɗi albashi, ku maida shi jika, ku tambaya: "Jika 60 ke nan a wata?" Sa'an nan ku rubuta. Gara a yi ta yau da a yi ta ƙarshen wata.

In an tambaye ku nawa kuke so, kada ku ce "duk abin da kuka ba ni". Ku bincika tun da wuri abin da ake biyan masu irin aikin a yankinku. Ku lissafa kuɗin mota, na abinci da na haya in aikin wani gari ne.

9. Hattara da ƴan damfara

Ba duk mai kira ne mai ɗaukar aiki ba. Akwai masu cin kuɗin mabukata. Ga alamunsu:

Suna ba ku aikin da ba ku nema ba.
Suna faɗin albashi mai yawa ga aiki kaɗan.
Suna cewa ku aiko kuɗin dosiye, ko na riga, ko na "riƙe wuri", yau-yau.
Suna tambayar lambar sirri ta asusun tarhonku, ko lambar da aka aiko muku ta saƙo.
Ba su faɗin inda bironsu yake.

Mai ɗaukar aiki na gaskiya shi ke biyan ku, ba ku ke biyan shi ba. Lambar sirri kuwa taku ce ku kaɗai. Kada ku ba kowa.

Ku duba farkon lambar da ta kira. 227 Nijar ce, 234 Nijeriya, 229 Benin, 225 Kodebuwa, 213 Aljeriya, 218 Libiya. In an ce aiki yana wata ƙasa, an ce ku taho ba kontara, ku ninka hattara, musamman in mace ce ko yarinya ake nema aikin gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku yi shawara da manya, ku tambayi ANPE ko sufeton aiki kafin ku ɗaga ƙafa.

10. Bayan kira

Ku yi godiya, ku bari mai kira ya fara kashewa. Nan take ku rubuta abin da aka ce: suna, albashi, takardun da aka nema, ranar amsa.

In ranar ta wuce da kwana 2 ko 3 ba labari, ku kira sau 1 cikin lokacin aiki, ku tambaya da ladabi. Kada ku kira da dare, kada ku kira kullum.

In ba a ɗauke ku ba, ku duba kayenku. Wace tambaya ta yi muku wuya? Ku gyara amsarta don kira na gaba. Mai nema yana tare da samu.

Abin riƙewa

Lamba daidai, batiri cike, kredi kaɗan, wuri mai rezo da shiru.
Kaye da bik da takardu kusa.
Gaisuwa gajera, magana sannu, amsa da misali.
Gaskiya, ko da ba ku iya ba.
Ba a biyan kuɗi don a sami aiki.

Tambayoyi

1. Don mi masu ɗaukar aiki suke kira ta tarho?
2. An rubuto muku: jeudi 14h30. Wace rana ce, ƙarfe nawa?
3. An ce za a kira ƙarfe 9 agogon Wagadugu. Ƙarfe nawa ke nan a Maraɗi?
4. Albashi sefa 75.000 jika nawa ne?
5. Ku faɗi alamu 3 na ɗan damfara.
6. Mi za ku yi in layi ya yanke tsakiyar magana?

Aikin yi

Kowa ya rubuta layi 4 cikin kayenshi: sunanshi, garinsu, aikin da ya iya, da misali 1 mai lamba. Sa'an nan ku zauna biyu-biyu, baya da baya. Ɗaya ya zama mai kira, ɗaya mai neman aiki. In kun gama, ku sauya. Sauran ƴan aji su saurara, su faɗi amsar da ta fito sarai da wadda ke son gyara.